Lambun Ruwan Alwala

A shekarar da aka ƙaddamar da shari'a a jiharmu, ina koyar da Hausa a wata kwaleji da ke bayan garin Daura. Fili ne fetal, babu katanga. In ka tsaya a ƙofar aji kana hango gonakin gero har inda idonka ya gaza. Itatuwan da aka tarar lokacin da aka yanki filin duk an sare su an yi gini, sai wata aduwa guda da masu gadi ke jingine kekunansu a jikinta. Da bazara, tsakanin azahar da la'asar, babu inda mutum zai fake sai barandar ofis, ita ma kwanonta ya gama shan rana.

Shugaban kwalejin na lokacin ya je wani taro, ya dawo da sabuwar magana. Ya tara mu a babban ɗaki ya ce daga ranar kowane ma'aikaci, malami ne ko akawu ko direba, sai ya shiga ƙungiya, kowace ƙungiya kuma ta ɗauki aiki guda na raya muhalli wanda zai ɗore ko bayan mun bar wurin. Wasu aka ba su kwashe shara. Wasu aka ba su tattalin wutar lantarki, ɗaki kuwa ya ɗauki dariya, don wutar ba ta zuwa balle a yi tattalinta. Ni na faɗa ƙungiyar dashen itatuwa. Ba zaɓa na yi ba, a gefen da nake zaune aka yanka.

Da farko muna da yawa. Aka ɗauki hoto da shebur a hannu, aka sha lemo. Kafin damina ta yi nisa kowa ya samu uzuri, muka rage mu uku: ni, da wata Hajiya mai kula da ɗakin karatu, 'yar Mashi, da malamin da ke koyar da aikin gona.

Shi malamin gonan Kirista ne, daga ƙasar duwatsu can kudu da mu. Bautar ƙasa ta kawo shi Daura yana saurayi, ya ƙi komawa. A nan ya kawo matarsa, wadda ke aikin jinya, a nan aka haifa masa 'yarsa. Hausarsa ta fi ta wasu ɗalibaina, har da karin harshen Daurawa. Kowa Malam yake ce masa, kamar yadda ake ce mana. Da azumi ban taɓa ganin ya kai ko ruwa bakinsa a gabanmu ba. Da layya ana kai nama gidansa, da Kirsimeti shinkafa da kaza su zo gidajenmu. Dogo ne, mai saurin tafiya, kuma in yana tunani sai ya riƙa murza ƙasa tsakanin yatsunsa ko da a tsakiyar hira ne.

Dashenmu na farko darbejiya ne, muka jera su a bakin hanyar shiga. Suka kama da kyau. Da ruwa ya ɗauke sai matsala ta fito. Rijiyar burtsatsen kwalejin da ƙyar take isar ɗalibai, ba wanda zai yarda a ɗiba a zuba wa itace. Abin da ƙishi ya bari awakin ƙauyen da ke maƙwabtaka da mu suka ƙarasa. Kafin bazara sai 'yan sanduna a tsaye. Ni dai na ce a raina mun yi iya yinmu. Hajiya ta ce ko mu je mu gaya wa shugaba ya canza mana aiki.

Wata rana na fito daga sallar azahar na tarar da malamin gona a bayan masallaci yana jirana, don tare muke komawa gari a babur ɗinsa. A lokacin masallacin kwalejin cika yake yi har waje. Tun da aka fara maganar shari'a, ɗaliban da a da sai an kora su suka koma rige-rigen sahun gaba. Ruwan alwala kuwa ya rasa inda za shi, ya taru a bayan masallaci ya zama kwatami, ga wari ga sauro. Ya tsaya a bakinsa, ya naɗe ƙafar wandonsa.

Ya ce, "Malam, sau nawa kuke cika wannan wurin a rana?"

Na ce, "Kai ma ka sani."

"To ga rijiyarmu nan. Ruwa ne mai kyau, fuska da hannu kawai ya wanke. Kullum yana zuwa, rani da damina, ba ruwansa da injin burtsatse ya yi gardama, don ko da jarka ne sai kun nemo kun yi sallah."

Na yi dariya, amma shi bai yi ba. Ya nuna mini yadda ƙasar ta gangara daga bangon masallaci zuwa wani fegi da babu komai a cikinsa sai tumfafiya. Ya ce abin da ke damunsa guda ne, bai san ko ya halatta ba, kuma ba ya so maganar ta fito daga bakinsa ta zama wani abu dabam.

Washegari muka je wurin limamin kwalejin, dattijo ne mai koyar da Larabci. Na yi bayani, malamin gona na tsaye daga bakin ƙofa. Liman ya saurara har na gama.

Ya ce, "Ruwan alwala ba najasa ba ne. Ku dai raba shi da wanda ke fitowa daga bayi." Sai ya ɗaga kai ya dubi abokina. "Malam, shigo mana, me kake yi a rana? Kai za ka yi mana aikin?"

"Ni da su, Allah gafarta malam."

"To Allah ya yi albarka. Ka raba mu da sauron nan ma ai ka yi mana taimako."

Haka muka fara. Ranakun Asabar muka haƙa 'yar magudana daga wurin alwala, muka yi rami muka cika shi da tsakuwa da yashi da gawayi, ruwan ya bi ta ciki ya fito a tace ya taru a wani ƙaramin tafki da muka shafe da siminti. Ni ɗan manomi ne, a wani ƙauye kusa da Dutsi aka haife ni, amma tun da na shiga makarantar kwana hannuna ya manta fartanya. Asabar ta farko tafin hannuna ya yi kanta ya fashe, da ƙyar na riƙe alli ranar Litinin. Abokina ya ce in shafa man kaɗanya in daina raki.

Hajiya ce ta kawo dabarar renon iri. A lokacin ruwan leda ya fara yawa, duk inda ka duba a kwalejin ledarsa ce a yashe. Ta ajiye kwali a ƙofar ɗakin karatu ta ce duk wanda ya sha ya jefa a ciki. Muka riƙa yanke bakin ledar, mu cika da ƙasa da taki, mu sa iri. Duk lokacin da ta je gida Mashi sai ta dawo da wani abu a ƙulle a bakin mayafi: irin zogale, 'ya'yan lemun tsami daga gidan mahaifiyarta, ƙwallon mangwaro. Shi kuma ya samo dashen gwaiba daga wani lambu a hanyar Kano, ya ɗauko su a bayan babur a cikin bokiti. Shinge muka yi da ƙayar magarya, mai kauri, wanda akuya ke zagayawa ta haƙura. Gara ta taso mana, muka yi ta zuba toka a gindin dashen.

Ba a rasa masu magana ba. Wani matashin malami ya kai ƙara cewa bai dace a riƙa ganin mace tana aiki tare da maza a bayan masallaci ba, a irin wannan lokaci. Shugaba ya kira Hajiya ya faɗa mata a cikin ladabi. Da ta fito ta same mu, ranta a ɓace.

Ta ce, "Na haifi wanda ya kai shi. Amma ba komai. Ku ɗauki yamma, ku bar mini safiya."

Abin da ta yi da safiyar ya ba kowa mamaki. Ta tattaro matan ofis da masu shara da malamai mata, suka yanki gefe guda suka ja kwamai na shuka, suka zuba alayyafo da yakuwa da kuɓewa. Mu sai mu zo bayan la'asar mu tarar an yi ban ruwa an cire ciyawa, wani lokaci har da ƙwaryar fura a rufe da faifai a ƙarƙashin shinge. Na ji daɗin yadda abin ya ƙare, amma hirar da muke yi mu uku a kan aiki, ita tana tsokanarsa yana ramawa, daga ranar ba a sake yin ta ba.

Cikin 'yan shekaru wurin ya canza kama. Zogale ya wuce tsayin mutum, ana yankan ganyensa ana rabawa. Darbejiyar da muka sake dasawa a kewaye ta yi inuwa. Ɗalibai suka riƙa kawo tabarma suna karatu a ciki lokacin jarrabawa. Tsuntsayen da ban ƙara jin kukansu ba tun ina yaro a ƙauye suka dawo. Sauran ƙungiyoyin duk sun mutu tuntuni, tamu ce kaɗai ake kai baƙi su gani. In baƙon ya tambayi wanda ya yi, liman kan nuna malamin gona ya ce, "Ga shi nan. Mu muna alwala, shi yana noma da ita."

Ni abin da na fi tunawa ba baƙin ba ne. Yammacin nan ne, bayan mun gama ban ruwa, mu zauna a bakin tafki ƙafa duk laka. Ya ba ni labarin ƙauyensu, inda ake noman acca a kan tudu, da mahaifinsa da bai taɓa yarda cewa akwai ƙasar da ba dutse ba. Ni in ba shi labarin namu. Mun yi gardama a kan siyasa, mun yi a kan ƙwallo, har a kan addini mun taɓa, ba wanda ya tashi da fushi. In an kira magariba sai ya ce, "Tashi ka je ka ƙaro mana ruwa."

Sai rikici ya ɓarke a wani babban gari da ke kudu da mu. A rediyo muka ji, daga baya muka ji a bakin waɗanda suka tsero. A Daura ko dutse ba a jefa ba. Amma ƙanen matarsa yana cikin waɗanda aka rasa a can. Muka je gidansa gaisuwa, ni da liman da wasu malamai. Matar ta fito ta durƙusa ta amsa mana, idonta a kumbure, ba ta iya haɗa ido da kowa ba. Bayan haka 'yan'uwansu suka yi ta aiko da saƙo ta bakin direbobi, su dawo gida, su dawo gida.

Ya yi watanni bai ce mini komai ba. Ranar da ya faɗa, yana sassabe rassan gwaiba ne, waɗanda a shekarar suka fara fure sosai. Bai juyo ba.

Ya ce, "Malam, na nemi canjin wurin aiki. Sun ba ni."

Na ajiye bokitin da ke hannuna. Na ce, "Wani ya yi maka wani abu ne? Faɗa mini ko wane ne."

"Ba wanda ya yi mini komai. Matata ba ta barci. In babur ya tsaya a ƙofar gida sai ta miƙe tsaye. Shekaranjiya kuma yarinyar ta dawo daga makaranta tana kuka, wata ƙawarta ta ce an hana ta cin abinci tare da ita." Ya yanke wani reshe. "Yara ne, na sani. Amma me zan ce mata?"

Na ce masa nan garinsa ne. Na ce duk unguwarsu ba wanda zai bari a taɓa shi, kuma gaskiya na faɗa. Na ce wannan ƙurar za ta kwanta. Ya ce ya sani, shi ma abin da yake gaya wa matarsa ke nan kullum, amma ya gaji da ganin tana ramewa. Liman da kansa ya taka har gida ya roƙe shi. Ya yi godiya, har ya yi hawaye, amma magana ta riga ta ƙare.

Kafin ya tafi ya koya mini yadda ake kwashe yashin ramin tacewa a sake sabo in ya toshe, da lokacin da ake yi wa lemo kaciya, wato a rage masa rassa. Muka raka su tasha da safe. Hajiya ta kawo wa matar garin kuka da daddawa da kilishi, suka rungume juna suna kuka a gaban mutane. Shi kuwa ya riƙe hannuna har direba ya fara ɗaga murya. A lokacin wayar hannu ba ta iso mana ba. Ya faɗa mini sunan garin da za shi, na ce in sha Allahu ina nan zuwa, ya ce shi ma zai riƙa leƙo mu. Gwaibar ta nuna bayan tafiyarsa da kaɗan. Mai jan ciki ce, mai zaƙi. Ɗalibai suka cinye rabi tun tana ɗanya, sauran muka raba.

Muka ci gaba, ni da yamma, su Hajiya da safe. Aka canza shugaba, aka sake canza wani. Maganar ƙungiyoyi ta bi wanda ya kawo ta. Liman ya rasu. Hajiya ta yi ritaya ta koma Mashi wurin 'ya'yanta, matan da ta tara suka watse ɗaya bayan ɗaya. Na nemi wasu malaman su shigo, kowa ya ce yana da aji. Duk da haka itatuwan sun riga sun yi saiwa, ba sa bukatar mu kamar da. Na ɗauka sun tsira ke nan.

Sai aka samu tallafin gina babban ɗakin lacca. Masu awo suka zo suka zagaya, suka kafa turakunsu a cikin lambun, don nan ne kusa da hanya, nan ne kuma ƙasar ta fi daidaita, mu muka daidaita ta da hannunmu. Na je wurin shugaban na lokacin. Mutumin kirki ne, ya ba ni kujera ya saurare ni.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ga fili nan har bakin gonaki. A matsa da ginin gabas kaɗan mana."

Ya ce, "Malam, na tambaya. Can ƙasar rairayi ce, kuma masu ba da aikin sun riga sun amince da wannan zanen. In na ce a sake, sai a kai wa wata makarantar. Ka ga ɗalibanmu a kan taga suke ɗaukar darasi."

Gaskiya ya faɗa, ni ma a ajina a kan taga suke zama. Ya yi alkawarin za a dasa wasu in an gama. Na yi godiya na fito.

Lokacin hutu aka kawo katafila. Ban je ba, amma da aka koma na tarar an share wurin tas, mutanen ƙauye sun kwashe itacen sun kai gida. Aka yi ginin, mai kyau, na koyar a cikinsa har na yi ritaya, kuma ɗalibai sun samu wurin zama. Ruwan alwala aka yi masa kwata ta siminti, ya bi ta bayan ginin ya fita waje. An dasa 'yan furanni a gaba ranar buɗewa, ba su ga rani na biyu ba.

Na sha neman labarin abokina. Wanda duk ya fito daga wajensu sai na tambaya. Wani ya ce ya bar garin da ya faɗa mini, wani ya ce ya koma ƙauye. Hanyoyin ma suka lalace da rashin tsaro, tafiyar da a da ake yi ba tunani ta zama sai an yi shawara da iyali.

Bayan na yi ritaya, wata rana da hantsi ina zaune a zaure wayata ta yi ƙara, baƙuwar lamba. Muryar mace ce, ta yi sallama da Hausar Daura tsantsa.

Ta ce, "Baba, ba za ka gane ni ba. Ni ce 'yar malamin gona."

Ta ce wani tsohon ɗalibinmu ta haɗu da shi a wurin aiki, shi ya ba ta lambata. Ta yi aure, tana da yara. Mahaifiyarta ta rasu. Mahaifinta yana wurinta, ya samu shanyewar ɓarin jiki, magana tana yi masa wuya, amma yana ji, kuma hankalinsa garau.

"Kullum sai ya yi zancen Daura. Yana nan kusa da ni. Ya ce in tambaye ka lambu."

Na gaya mata yadda aka yi, ban rage komai ba. Na ce ta gaya masa gwaibarsa ta yi 'ya'ya shekara da shekaru kafin nan, kuma ɗaliban da suka yi karatu a inuwar nan yanzu wasu malamai ne, wasu har sun fara furfura. Na ji tana maimaita masa a hankali. Sai ta ce bari ta kara masa wayar a kunne.

Na ji numfashinsa. Na ce, "Malam, ina kwana? Ya jiki?"

Ya daɗe yana kokawa da harshensa. Da ƙyar ya ce, "Malam." Ya sake cewa, "Malam." Sai ya yi wani sauti da ban gane ko dariya ce ko kuka ba.

Na yi ta yi masa surutu ni kaɗai. Na ba shi labarin Hajiya da jikokinta, da rasuwar liman, da yadda gari ya faɗaɗa har ya cinye gonakin da ke kewaye da kwalejin. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba. Daga baya 'yar ta karɓi wayar ta ce ya gaji, za ta kwantar da shi, za su sake kira in ya ji ƙarfi. Na ce Allah ya ba shi lafiya, ya yi mata albarka. Ta ce amin.

Da na shiga cikin gida matata ta dube ni ta ce wa ya rasu. Na ce ba kowa. Na zauna na ba ta labari, ta ce in an samu mai zuwa wajensu a gaya mata, za ta daka masa garin kunu.